Taƙaddamar maganin statin: me ya faru a mujallar BMJ, kuma ina gaskiyar illolinsa?

Mene ne statin, kuma a kan me ake gardama?

Rukunin magunguna ne, irin su atorvastatin da simvastatin, masu rage yawan kolestarol da hanta ke sarrafawa. Duk lokacin da aka sauke kolestarol mai cutarwa, wato LDL, da mmol 1 a kowace lita ta jini, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kusan kashi 22 cikin 100. Ba a cika jayayya kan wanda ya taɓa samun bugun zuciya ba. Gardamar tana kan mutum mai lafiya da ake so ya riƙa haɗiyar ƙwaya kullum don rigakafi.

Daga ina rigimar ta taso?

A watan Oktoba na 2013 BMJ, mujallar likitoci ta Ingila, ta buga maƙaloli biyu, ɗaya ta John Abramson da abokan aikinsa, ɗaya ta Aseem Malhotra. Dukkansu sun ce statin yana jawo illa ga kashi 18 zuwa 20 cikin 100 na masu shansa. Matsalar ita ce alƙaluman sun fito ne daga wani bincike da aka yi a kan fayilolin majinyata a Amurka, wanda ba shi da rukunin marasa shan maganin da za a kwatanta da shi. Ya ƙirga waɗanda aka rubuta musu ƙorafi suna shan maganin, bai tabbatar cewa maganin ne sanadi ba. Hasali ma, mafi yawan waɗanda suka daina suka sake gwadawa sun ci gaba da sha.

Farfesa Rory Collins na Jami'ar Oxford ya nemi a janye maƙalolin gaba ɗaya, yana cewa za su sa mutane su watsar da magani. A watan Mayun 2014 editar mujallar, Fiona Godlee, ta sanar da janye waccan jimla ta kashi 18 zuwa 20, ta kuma miƙa batun ga kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Iona Heath. A watan Agusta kwamitin ya ce gyaran ya wadatar, babu hujjar soke maƙalolin.

To wa ke da gaskiya?

Kan alƙaluman, Collins. Kan janyewar, a ganinmu, mujallar. Kuskuren lissafi abin gyara ne a fili, kuma BMJ ta yi jinkiri, wata bakwai ba kaɗan ba ne. Amma da edita zai riƙa goge rubutu duk lokacin da babban farfesa ya fusata, da ba wanda zai ƙara tambayar masana komai. Akwai kuma ƙorafin da bai mutu ba: ɗanyen bayanan majinyata na manyan gwaje-gwajen statin, waɗanda kamfanonin magunguna suka ɗauki nauyin yawancinsu, yana hannun ƙungiyar CTT ta su Collins, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen tana nazarinsu, bisa yarjejeniyar da ta hana ta raba shi. Masu neman a buɗe shi ga masu bincike na waje ba maƙiyan magani ba ne.

Ciwon tsokar da mutane ke ji, ƙarya ne kenan?

A'a, ciwon na gaske ne, sai dai sau da yawa ba daga sinadarin yake ba. A gwajin SAMSON na 2020 a Landan an ba mutum 60 da suka daina statin kwalabe 12, kwalba ɗaya a wata: huɗu da atorvastatin mg 20, huɗu da ƙwayar da babu magani a cikinta, huɗu wayam. Kowace rana suna rubuta abin da suke ji a waya. Kashi 90 na wahalar da suka ji da statin sun ji ta da ƙwayar bogin ma. Nazarin CTT na 2022 ya samu ƙorafin tsoka ga kashi 27.1 na masu statin da 26.6 na masu ƙwayar bogi.

Illolin gaske kuwa akwai su. Ƙiyasin da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ce cikin mutum 10,000 da suka sha shekara biyar, kimanin 5 za su samu lalacewar tsoka mai tsanani, 50 zuwa 100 kuma ciwon suga.

Idan mutum ya fara jin ciwo, me zai yi?

Ya sanar da likitansa kafin ya yanke shawarar daina sha. Ciwon da statin ke kawowa yakan kama manyan tsokoki na ɓangarorin jiki biyu, cinyoyi ko kafaɗu, galibi a watannin farko ko bayan an ƙara ƙarfin maganin. Likita zai auna sinadarin CK a jini, wanda ke ƙaruwa idan tsoka ta lalace, ya dakatar da maganin na 'yan makonni, sannan a sake gwadawa da ƙaramin awo ko wani nau'in. A faɗa masa duk magungunan da ake sha, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin, misali, yana tara simvastatin a jini. Idan kuwa tsoka ta yi rauni sosai kuma fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayi, a daina sha nan take a tafi asibiti a ranar, domin ƙoda na cikin haɗari.