Waiwaye: Yadda Nutsar da Tsofaffin Jirage Ya Zama Abin Muhawara

Tun daga watan Fabrairun 2025, lokacin da aka ja tsohon jirgin ruwan fasinjan nan SS United States daga Philadelphia zuwa Mobile ta jihar Alabama domin a wanke shi kafin a nutsar da shi a gaɓar Florida, gardama ta sake tashi kan ko ya dace a riƙa mayar da tsofaffin jirage gidajen kifi a ƙarƙashin teku. Jirgin ya kai kusan mita 300 a tsawo, kuma ya fara aiki ne a 1952. Masu goyon baya na hangen kifi da kuɗin baƙi masu nutso, masu adawa kuma na maganar guba da tarihin da za a binne. Duka ɓangarorin sun fi damuwa da abin da jirgi zai yi wa teku, alhali tarihi ya nuna cewa abin da teku ke yi wa jirgi bayan an nutsar da shi ne ya fi jawo matsala.

Farkon labarin sananne ne. Masunta sun daɗe da lura cewa kifi na taruwa a duk inda wani abu mai tauri ya kwanta a kan yashi. A 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar shaƙar iska daga tulu a ƙarƙashin ruwa, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya bar jirage birjik a ƙasan teku, irin su Thistlegorm da ya nutse a Bahar Maliya a 1941. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta ba jihohi damar karɓar tsofaffin jiragen dakon kaya na lokacin yaƙi su nutsar da su, kuma masunta aka yi wa wannan tanadi, domin ba wanda ya damu da kyan surar ƙarfen da ke ƙasa.

Da nutso ya zama sana'ar yawon buɗe ido, buƙata ta sauya. Mai nutso na shaƙatawa ba ya wuce zurfin mita 40, kuma yana son ya tarar da jirgi a tsaye da benayensa, kusa da gaɓa yadda kwalekwale zai kai shi ya dawo da shi a yini guda. Wannan ya sa aka riƙa ajiye jirage masu tsayi a ruwan da bai cika zurfi ba.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne ranar 24 ga Agustan 1992, lokacin da mahaukaciyar guguwar Andrew ta afka wa kudancin Miami. Hankalin duniya ya tafi kan gidajen da suka rushe a tudu, kuma hakan ba laifi ba ne. Sai dai da ruwa ya lafa masu nutso suka koma wuraren da suka saba, sun tarar wasu jiragen sun rabe biyu, wasu sun kife, wasu kuma sun bar inda aka ajiye su gaba ɗaya. Kafin wannan rana an ɗauka cewa nauyin ƙarfe kaɗai ya isa ya riƙe jirgi. Dalilin kuskuren yana cikin yadda igiyar ruwa ke aiki: motsinta yana kaiwa zurfin da ya kai kimanin rabin tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata. Igiyar yau da kullum gajera ce, ba ta taɓa ƙasa. Ta guguwa kuwa tazararta na iya haura mita 150, don haka jirgin da ke zurfin mita 30 yana cikin hannunta tsundum. Ruwan na tura shi gaba ya ja shi baya na tsawon sa'o'i, gefensa mai faɗi na tare ƙarfin kamar bango, yashin da ke ƙarƙashinsa kuma na zaizayewa har wani sashe ya rataya babu madogara, daga nan sai ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci ya karye. Siffar da ke burge mai nutso, wato tsayi da tsayuwa cak, ita ce ke ba ruwa wurin kamawa.

An koyi wani abu, domin daga baya lissafin nauyi da zurfi da ƙarfin guguwa ya shiga cikin sharuɗɗan nutsarwa. Amma sha'awar manyan jirage ƙaruwa ta yi. A watan Mayun 2002 jirgin Spiegel Grove mai tsawon mita 155 ya nutse kafin lokacin da aka tsara a gaɓar Key Largo ta jihar Florida, ya kife goshinsa a sama, da ƙyar aka kwantar da shi a gefen dama. A Yulin 2005 guguwar Dennis ta miƙar da shi tsaye, aka yi ta murna cewa teku ta gyara aikin kyauta. Ni a ganina abin tsoro ne ya faru, domin ruwan da ya iya juya dubban tan na ƙarfe a zurfin mita 40 zai iya juya shi ta kowace fuska. Oriskany, jirgin dakon jiragen saman yaƙi da aka nutsar kusa da Pensacola ta jihar Florida a 2006, ya ƙara nutsewa da kimanin mita 3 bayan guguwar Gustav ta 2008. Kittiwake na tsibirin Grand Cayman, wanda aka nutsar a 2011, ya karkata gefe bayan guguwar Nate ta 2017.

Ga mai nutso, wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne. Ƙofar da ya sani a gefe tana iya komawa sama, hanyar fita tana iya toshewa da ƙarfen da ya rufta, laka kuma ta taru a ɗakuna, bugun ƙafa ɗaya ya tayar da ita mutum ya kasa ganin tafin hannunsa ko da fitila. A waje kuma ruwa mai gudu yana ƙara ƙarfi idan ya zo kewaya jirgi, shi ya sa ake sauka ana riƙe da igiyar da aka ɗaure. A Maris ɗin 2007 masu nutso uku sun rasu a cikin Spiegel Grove bayan sun kutsa can ciki.

Batun guba an samar masa da ƙa'idoji, domin ana kwashe mai da wayoyi da fenti mai ɓarewa kafin nutsarwa, kuma akwai masu dubawa. Ko jirgi na ƙara yawan kifi ne ko tattara wanda ke akwai kawai yake yi don a kama shi cikin sauƙi, masana na kan jayayya tun shekarun 1980. Wanda zai biya kuɗin sake auna jirgi bayan kowace guguwa, ya sabunta taswirar cikinsa, ya rufe sassan da suka ruɓe bayan shekara 30 ko 40, shi ne ba a cika jin an tanada a kasafin nutsarwa ba, kuma SS United States ya kusan ninka Spiegel Grove a tsawo.