Waiwaye: Yadda kalmar "second" ta shigo Turanci

Duk wanda ya koyi ƙidaya da Turanci ya san inda lissafin yake karkacewa. "Four" ta haifi "fourth", "six" ta haifi "sixth", amma "second" ba ta ɗauko komai daga "two" ba. Dalili kuwa shi ne baƙuwa ce a gidan.

Mutanen Ingila na da, idan za su ce na biyu, tsohuwar siffar "other" suke amfani da ita, kalmar da a yau take nufin ɗayan ko wani daban. Har gobe mutanen Suwidin "andra" suke cewa, 'yar'uwarta ta jini. A Turanci ma ba ta ɓace ƙurmus ba, ga ta nan a "every other day", wato a yi yau, a tsallake gobe.

A 1066 William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. Zuwa wajen 1300 "second" ta fara bayyana a rubuce-rubucen Turanci. Faransanci ya gaje ta daga "secundus" ta Latin, wadda tushenta "sequi", ma'ana bin baya. A ganina wannan ma'anar ita ce ta riƙe dukkan rassanta. Ɗan majalisar da ya miƙe ya mara wa ƙudurin abokinsa baya, da mutumin da ke tsaye a kusurwa riƙe da tawul da ruwa yana jiran ɗan dambensa, da ita ake kiransu, don dukansu a bayan wani suke.

Reshen da ya fi nisan tafiya shi ne na lokaci. Mutanen Babila da sittin-sittin suke lissafi, Batlamus na Iskandariya ya yi aiki da wannan tsari a ƙarni na 2 wajen auna taurari, masanin taurari Albiruni kuma ya raba awa a kansa wajen shekara ta 1000. Malaman Latin sun kira rabon farko "pars minuta prima", ƙaramin yanki na farko, nan aka samo minti. Da aka sake raba shi gida 60 sai ya zama "pars minuta secunda", mutane suka yar da sauran suka riƙe ta ƙarshen. Larabawa ma hakan suka yi, suna cewa "saniya", ta biyu, tushe ɗaya da sunan Sani da ake raɗa wa Muhammadu na biyu a gida.

Ta hanyar boko ta iso bakinmu a matsayin sakan, da kuma cikin sakandare, makarantar da ke bin firamare. Tun 1967 ba a auna sakan da juyawar duniya. Masana sun ɗaure shi da kaɗawar ƙwayar zarrar sinadarin siziyom sau 9,192,631,770.