Gishirin gidan abinci da gishirin tukunyarmu

Bara Allah ya nufe ni da zuwa umra tare da mahaifiyata. Na daɗe ina aikin jinya a nan Maradi, kullum ina ɗaura wa mutane abin awon jini a dantse ina ce musu su rage gishiri. Amma sai a wannan tafiya na ga da idona yadda abinci ke tayar da jinin mutum cikin ƴan kwanaki, kuma a jikin wadda ta haife ni na gan shi.

Masaukinmu babu wurin girki, don haka safe da rana da dare daga gidan abinci muke ci. Shinkafa buhari ce da gasasshiyar kaza, ko mandi da naman rago, ko soyayyar kaza mai ɓawon fulawa da soyayyen dankali. Kowane faranti yana zuwa da ƴan rakiya: farin miyar tafarnuwa a ɗan ƙoƙon roba, kokwamba da karas da aka jiƙa cikin ruwan gishiri, zaitun, cuku, burodi, ga lemon gwangwani mai sanyi. Wuraren da tsabta, abincin kuma da daɗi, gaskiya ɗaya ce. Inna da ba ta cika cin abinci da yawa ba a gida, can sai ta share farantinta, ni kuwa ina ta murna.

A rana ta biyar muna shirin fita sallar asuba sai ta ce: "Ƴar nan, zo ki cire mini zoben nan, ya kama ni." Zoben azurfa ne da ta fi shekara ashirin tana sawa tana cirewa wajen alwala. Sai da na shafa sabulu na yi ta murzawa kafin ya fita, ya bar mata shaci a yatsa. Na duba ƙafarta, igiyar takalmi ta nutse cikin nama. Ta ce ƙishirwa ba ta barin ta barci, ƙeyarta kuma tana yi mata nauyi. Na san zaman jirgi da tafiyar ɗawafi da Safa da Marwa duk suna kumbura ƙafa, amma na ɗauko abin awona na gwada ta. Sha bakwai bisa goma, kamar yadda muke faɗa a nan, wato 170 da 100. A gida da maganinta ba ta wuce sha uku bisa takwas, kuma ko sau ɗaya ba ta tsallake ƙwayarta ba.

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, ƙoda ba ta iya fitar da shi duka a kan lokaci, sai ruwan da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Shekara da shekaru a haka, jijiyoyin su yi tauri, ƙodar ta gaji, wata rana a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, a ce iska ce ta buge mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan wanda ba a yi masa tozo ba. Kuma lissafin ya haɗa da komi: na miya, na burodi, na dunƙulen magi, na yajin tsire, na kilishi. Yawancin mutanen duniya suna cin ninki biyu na wannan.

Mai gidan abinci ba mugu ba ne, kasuwa yake nema. Ya san harshe yana son gishiri da mai da sukari, ya san wanda ya ji daɗi yau zai dawo gobe. Bai san Inna tana da tansiyo, wato hawan jini, ba, tukunya ɗaya yake yi wa ɗaruruwan mutane. Mu ne ya kamata mu san abin da za mu ɗauka. Daga ranar na sauya tsari. Faranti ɗaya muke rabawa mu biyu. Gasasshe muke saye mu bar soyayye. Ƴan rakiyan nan masu ruwan gishiri na daina buɗe su, lemon gwangwani kuma na maye shi da zamzam da ruwan gora, domin gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali takwas. Da safe sai nono marar sukari da dabino uku da ayaba, wani lokacin kunun garin gero da na taho da shi, da ruwan zafin butar shayi nake dama shi. Na kai ta wurin likita ya duba ta, ya ce ta ci gaba da maganinta yadda yake. Kafin mu taso, awon ya sauko sha huɗu bisa tara.

Ƴan kasuwarmu masu zirga-zirga Dubai da Cana da Kwatano da Lome, da masu kwana biyu uku a Kano, wannan magana taku ce fiye da kowa, don ku a shekara kuna yin watanni kuna cin abincin saye. Maganin hawan jini ko na sukari a jakar hannu ake sa shi, kada ya shiga kayan awo, domin kaya suna iya makara. Ku ɗauki abin da zai ishe ku har da ƙarin kwanaki. Abinci kuma a ci shi da zafinsa. Na ga alhazanmu suna ajiye sauran shinkafar rana cikin leda a ɗaki su ci da dare, alhali dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba in babu firij. In gudawa ta kama mutum a hanya, ya zuba ƙunshi ɗaya na gishirin zawo, wato garin gishiri da sukari na maganin gudawa, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta ya riƙa kurɓa, in ya ga jini ko zazzaɓi ya nemi asibiti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, bayan mun dawo ya faru. Na sauka da tunanin cewa gishirin yana can ƙasar waje, gida kuwa lafiya lau. Ranar wata Juma'a na ce bari in gwada. Na ajiye ɗan faranti kusa da murhu, na ce wa ƙanwata da ke taya ni girki duk abin da za ta jefa a tukunya ta fara zuba shi nan in gani. Miyar kuka ce ta mutum takwas. Dunƙule biyar ta ɓare, ta kawo gishiri cikin tafin hannu, da na auna shi ya cika ƙaramin cokali uku, sannan ga garin ɗanɗano na leda da ake barbaɗawa daga ƙarshe. Na ce: "Duk wannan a miya ɗaya?" Ta ce: "Yaya, ai haka kike yi, a wurinki na koya." Gaskiya ta faɗa. Dunƙule kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, ƙaramin nan mai giram 4 yana ɗauke da wajen giram 2. Da na haɗa lissafi, miyar dare kaɗai ta ba kowannenmu fiye da rabin abin da ya kamata ya ci a yini, ba a zo maganar ƙosan safe da yajinsa ba, ba a zo shinkafa da waken rana ba.

Daga nan na fahimci cewa ɗanɗanon gidan abinci ya riga ya shigo gidajenmu tuntuni. Ku duba girkin biki ko na suna a unguwanninmu, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo: kwalin dunƙule guda ake juyewa a tukunya, in ba haka ba a ce uwar biki ba ta iya miya ba. Amarya tana tsoron dangin miji su ce girkinta lami ne. Yaranmu sun saba da taliyar leda, wadda ɗan ƙunshin garin da ke cikinta shi kaɗai ya ɗauki kaso babba na gishirin yini. Ni ban ga laifin matan ba, don ni ma cikinsu nake. Laifin da nake gani shi ne na maigidan da likita ya ce masa ya rage gishiri, ya dawo gida ya ture kwano don miya ba ta ji magi ba. Alhaji, matarka ba rowa ta yi maka ba, ranka take tattali.

Ban ce a zubar da dunƙule a koma cin lami ba, na san ba mai bi na. A gidana kusan rabi na fara ragewa: biyar suka koma uku, daga baya biyu, kuma ranar da aka sa dunƙule ba a ƙara gishiri sai ɗan kaɗan. Gurbinsu na cike da abin da kakanninmu suka sani, daddawar kalwa da aka daka da kyau, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari, garin busasshen kifi. Albasar Galmi in aka bar ta ta soyu a hankali har ta yi ja, zaƙin da take ba miya ya isa. Tsami ma yana tashin ɗanɗano, ɗan lemun tsami ko tsamiya ko yakuwa sai su rufe ƙarancin gishiri. Makon farko yara sun yi ƙorafi. Ban ja da su ba, ban kuma koma ba. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni, yanzu su da kansu in sun ci abincin biki suke cewa gishiri ya yi yawa.

Allah ya yi mana arzikin ganye a wannan yanki. Zogalen Jiratawa da na lambunan bakin gulbi har wasu garuruwa ake kai shi, mu kuma muna raina shi muna ganin abincin marar hali ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, in ba a cika masa gishiri da mai ba, ya fi yawancin abin da na saya da riyal amfani a jiki. Ana son babba ya ci ganye da ƴaƴan itace wajen giram 400 a yini, ga kabeji, ga salati, ga rama, ga mangwaro da gwaba a lokacinsu. Gishirin da za a saya kuwa a nemi mai sinadarin ayodin, a ajiye shi cikin abin da ke da murfi. Kaɗan ake so, amma wannan kaɗan ɗin yana kare mutum daga ciwon maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki.

Rage gishiri ba ya maye gurbin magani. Wanda aka ɗora a kan ƙwayar tansiyo ya ci gaba da sha ko da ya ji garau, likita ne kawai zai rage masa. Mai ciki da ta ga fuskarta ko hannunta sun kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, kada ta tsaya gyaran miya, ta zo asibiti a ranar. Sauran jama'a kuma ku sani hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Awon ba ya cin minti biyar a ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa da ku: a zauna a huta tukuna, a ɗora hannu bisa tebur, a yi shiru har a gama. In an samu sha huɗu bisa tara ko fiye, za mu ce a dawo wata rana a sake gwadawa kafin a yanke hukunci.

Inna yanzu duk ranar Litinin nake auna ta bayan sallar asuba, in rubuta a ɗan littafin da ke cikin jakar maganinta. Na wannan makon sha uku bisa takwas ne, zobenta kuma da kanta take cirewa wajen alwala.