Magungunan antibiyotik

Antibiyotik rukuni ne na magungunan da ke kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya ko su hana su hayayyafa a jikin mutum da dabba. Ba sa yin komai ga ƙwayar bairas, don haka ba maganin mura ko ƙyanda ba ne. Ana rarraba su ne bisa wurin da kowanne yake kai wa ƙwayar cutar hari.

Tarihi

A shekarar 1928 Alexander Fleming, wani likita a birnin Landan, ya lura cewa fumfunar da ta fito a farantin gwajinsa ta hana bakteriya tsira a kewayenta. Ya sa wa sinadarin suna penisilin, amma bai iya tace shi da yawa ba. Howard Florey da Ernst Chain na jami'ar Oxford ne suka mai da shi magani, aka fara gwada shi ga marasa lafiya wajen 1941, su ukun kuma suka raba kyautar Nobel a 1945. Kafin nan, a tsakiyar shekarun 1930, maganin salfa na Gerhard Domagk ya riga ya fito a Jamus. Sitireptomaisin, wanda shi ne ya fara cin tarin fuka, an samo shi a Amurka a 1943 daga wata ƙwaya da ke rayuwa cikin ƙasa. Akasarin rukunonin da ake sha yau sun bayyana ne kafin ƙarshen shekarun 1960.

Rukunoni da aikinsu

Dangin penisilin, irin su amoksisilin da ampisilin, tare da 'yan'uwansu irin su seftiriyakzon, suna hana ƙwayar gina bangon da ke kewaye da ita, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da wannan bango, shi ya sa illarsu ke da sauƙi har ga mai juna biyu, in ban da mutanen da jininsu ba ya karɓarsu, waɗanda kan yi ƙuraje ko numfashi ya sarƙe. Amoksisilin ne maganin farko na ciwon huhu ga yara.

Wasu kuma wurin ƙera furotin na ƙwayar suke toshewa. Jentamaisin allura ce da ake yi wa jarirai masu cutar jini, amma yawanta na taɓa ƙoda da ji. Tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ba ya ɓata a tiren masu tallar magani a kasuwannin Maraɗi, yana ɗaurewa da sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a nono. Wanda ya kora shi da fura da nono ya rage masa ƙarfi, kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 domin yana rina haƙora. Azitromaisin shi ake rabawa gari-gari don yaƙi da amodari.

Sifrofuloksasin yana hana ƙwayar kwafar sinadarin gadon halittarta (DNA), kotirimokzazol yana katse mata hanyar haɗa sinadarin folat. Metronidazol na atuni ne da cututtukan ciki. Tarin fuka yana da tsarinsa daban: magani huɗu wata 2, sannan biyu wata 4. Ɗaya daga cikinsu, rifampisin, yana mai da fitsari ja, ba kuma jini ba ne.

A Nijar da jihar Maraɗi

Sanƙarau ne ya fi sa aka san darajar waɗannan magunguna a yankin. Shekaru da dama allurar kuloramfenikol mai mai ce madogara lokacin annoba, saboda guda ɗaya kan wadatar a ƙauyen da ba gadon kwantar da mara lafiya. Wani gwaji da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna allurar seftiriyakzon guda ɗaya ba ta gaza ta ba, daga nan ta soma maye gurbinta. A annobar 2017 an gwada raba sifrofuloksasin sha ɗaya ga dukan mutanen ƙauye a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, aka ga yawan masu kamuwa ya ragu. Ba wa mutanen gidan mara lafiya kaɗai bai nuna irin wannan amfani ba.

A Madarunfa ne kuma, tsakanin 2012 da 2013, aka bincika ko ya dace a riƙa ba duk yaro mai tamowa mai tsanani amoksisilin ko da bai nuna wata cuta ba. Yara fiye da 2,400 suka shiga. Maganin bai ƙara yawan masu murmurewa ba, sai dai ya rage waɗanda ake kaiwa asibiti a kwantar. Wani gwaji a Malawi ya ba da sakamako daban, masana ba su daidaita a kai ba.

A jihar Doso, gwajin raba azitromaisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara, wanda aka wallafa a 2018, ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin 100. Masu suka suna tsoron abin da hakan zai haifar na bijirewar bakteriya ga magani.

Bijirewa

Bakteriya na bijire wa magani ta hanyar fitar da sinadarin da ke lalata shi, ko sauya wurin da yake kamawa, ko tofar da shi waje, kuma suna miƙa wa juna wannan dabara. Sayen kafso biyu ko uku a kan tire, wanda rana ta daka masa, da zuba magani a ruwan kaji da dabbobi barkatai, duk suna hanzarta abin. An ƙiyasta cewa bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019, Afirka ta Yamma ce kuma kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku: na yau da kullum, na sa ido, da na ajiya don cutar da ta gagari sauran.