'Yar'uwa mai zuwa aiki, yaushe rabonki da yin abin da ranki ke so?

Akwai tambayar da nake yi wa matasan mata masu aiki in sun zo mana da ciwon kai ko ciwon wuya ko rashin bacci, bayan an auna jini an duba abin dubawa, sai in ce in kin tashi daga aiki me kike yi don jin daɗin kanki ke kaɗai? Yawanci dariya suke yi. Wata ta ce "Sista ina na ga lokaci", wata ta ce ai tana hutawa sosai, in na bi diddigi sai in tarar hutun dai kwanciya ce da waya a hannu tun daga tara na dare har ɗaya saura.

Ba wai ban san halin da kike ciki ba. Kin tashi da asuba, kin sha cunkoson hanya, kin wuni gaban kwamfuta ko a tsaye kina fama da kwastoma, oga na kira, ki dawo gida kuma ga wani aikin yana jiranki wanda ba a biyan albashinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa mata ne ke yin sama da kashi 75 cikin ɗari na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, wato ninki uku na abin da maza ke yi. To in kin ce kin gaji ba raki ba ne. Sannan a 2021 ita wannan ƙungiya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mai yin aiki awa 55 ko fiye a sati, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin ɗari in an kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Kuma tun 2019 Hukumar Lafiyar ta amince akwai wata irin gajiya da matsin aiki ke jawowa in ya daɗe, alamominta uku, ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji ya tsani aikin ko ya daina damuwa da shi, sannan aikin ma ya daina fita da kyau a hannunsa. Da yawa cikinku in na faɗi haka sai ku yi shiru ku kalli ƙasa.

Bari mu zo kan wayar, don nan ne muke yawan gardama. Ni ba na ce waya haram ba ce, nima ina da ita kuma ina kallon bidiyon ban dariya. Amma ki lura da kanki yau da dare. Kin kwanta a gefe ɗaya, wuya a lanƙwashe, babban yatsa na ta jan allo sama, kin ga wata ta sayi mota, kin ga labarin haɗari, kin ga wata 'yar ajinku tana yawon buɗe ido, sai saƙon gurup ɗin ofis ya faɗo a sama, kin ce ba za ki buɗe ba amma kin riga kin karanta rabinsa kuma zuciyarki ta riga ta koma ofis. Jiki a kwance yake, ƙwaƙwalwa kuwa ko zama ba ta yi ba. TikTok da Instagram an gina su ne yadda ba su da ƙarshe, babu inda za ki kai a ce miki shikenan kin gama. Awa biyu ta tafi, in aka tambaye ki me kika kalla da ƙyar ki tuna uku. Kuma daga cikin baccinki aka yanko awa biyun nan, alhali babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7.

Yanzu ki kwatanta da mai saƙa. Ta ɗauki ƙwarashi da zare, hannu biyu duk suna aiki balle ta ɗauki waya, tana ƙirga ɗaya biyu uku a ranta don in ta ɓata ƙirga sai ta warware layi guda, to ina hankali zai samu sararin komawa kan maganar da oga ya faɗa da rana? Bayan minti ashirin ki kalli kafaɗunta, sun sauko daga inda suka maƙale kusa da kunne. In ta ajiye kuma ga abu a hannunta tana gani, ya ƙaru da layi biyar. Haka mai zane, mai ɗinki, mai shuka fure a tsohuwar roba a bakin taga tana leƙawa kullum da safe ko sabon ganye ya fito, mai karanta labari a littafi na takarda, mai koyon wani yare, mai rufe ƙofa ta kunna waƙa ta taka rawarta ita kaɗai. Abin da ya haɗa su shi ne ke kika zaɓa, ba wanda zai ba ki maki, kuma yana cinye hankali gaba ɗaya na ɗan lokaci. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya tattara bincike sama da 3000 kan yadda waƙa da rawa da zane da karatu ke taɓa lafiya, ya ce suna da rawar takawa wajen kare lafiya da rage damuwa. A Ingila har tura mutane ake yi daga asibiti zuwa ƙungiyar lambu ko ta tafiyar ƙafa ko ajin zane, ƙari a kan maganin da aka rubuta musu.

In so samu ne, cikin abubuwan da kike so a samu ɗaya mai motsa jiki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato irin tafiyar da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, da kuma abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a sati. Minti 30 sau biyar ke nan, kuma ba dole sai a jere ba, goma nan goma can duk ana lissafawa. Ba sai kin yi rajistar jim ba. Ki sauka daga mota kafin ki kai, ki hau bene da ƙafa, ki sayi igiyar tsalle, ki ja ƙawarki ku zaga unguwa kuna hira inda kuka san akwai tsaro da haske. Alƙaluman 2022 sun nuna kusan kashi 34 cikin ɗari na mata a duniya ba sa samun isasshen motsi, maza kuwa 29. 

Wani abu da ke ba ni haushi, da zarar yarinya ta iya wani abu sai a ce mata ai kuɗi ne wannan, ki buɗe shafi ki fara sayarwa. Neman na kai ba laifi ba ne, rayuwa ta yi tsada kowa ya sani. Amma ranar da saƙar nan ta zama oda, ga mai kira tana cewa yaushe za ki gama, ga mai cewa kalar ba ta yi mata ba, to kin samu aiki na biyu ne, ki nemi wani abin daban da zai zama naki. Kuma ba dole ki ƙware ba. Ki yi zanen da ba kyau, ki ajiye a durowa, ba sai kin ɗora a sitatus ba. Sai kuma jin kunyar nan ta cewa kin zauna kina wasa alhali ga wanki, wallahi wankin ba inda za shi, minti talatin ba za ta rushe gida ba. Ki sa masa lokaci kamar yadda kike sa wa mitin, ki juya wayar ta kalli ƙasa ko ki bar ta a caji a wani ɗakin.

Dalilin da ya fi sa nake wannan tambayar a asibiti kuwa shi ne, abin da mutum ke so yana nuna mana lafiyarsa. Wadda ta ce ba ta da lokaci daban, wadda ta ce da tana son karatu kamar me amma yanzu ko an ba ta lokacin ba ta jin daɗin komai, ita kuma daban. In wannan rashin jin daɗin ya kai sati biyu kusan kullum, ga ƙunci, bacci ya lalace ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, ba kya iya tara hankali, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma ya fi kama mata fiye da maza da kusan rabi. Ba rashin godiya ba ne, ba kuma saƙa ko yawo ne zai warkar da shi shi kaɗai ba, yana da magani kuma ana warkewa. Wani lokacin ma matsalar a jini take, kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, musamman mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada, ga kasala ga jiri ga haki in an hau bene, wani lokacin kuma ƙwayar nan ta wuya da ake kira tayirod, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, ita ce ke aiki ƙasa da ƙima, duk gwajin jini ke nunawa. Don haka kar ki tsaya shan maganin ciwon kai kullum kina cewa gajiyar aiki ce. Ki je asibiti, kuma in kin je kar ki tsaya a "kaina ke ciwo", ki faɗa wa ma'aikacin lafiya tun yaushe abin ya fara, awa nawa kike bacci, yadda al'adarki take, da abin da kika daina jin daɗinsa. In kuwa har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar nan za ki je asibiti, kuma ki samu wani da kika yarda da shi ya raka ki.