Noti ko kwik-rilis: me suke nufi wajen ɗaure wilin keken fiksi

Fiksi shi ne keken da ba ya firi. Haƙorin baya a ɗaure yake da cibiyar wili, don haka muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, in kuma ka danne feda baya sai keken ya rage gudu. Sarƙa a nan aiki biyu take yi, ja da tsayarwa, kuma babu hannun da ke tsuke ta in ta saki kamar na keke mai giya da yawa. Inda aka ɗaure wilin baya, nan ne kaɗai ke riƙe da taurin sarƙar. Shi ya sa masu fiksi ke yawan musu a kan kalmomi biyu: noti da kwik-rilis.

Noti kowa ya san shi. Ƙarfen tsakiyar wili cikakke ne, ba rami a cikinsa, yana leƙowa ta gefe biyu, a ɗaure shi da sifana mai lamba 15. Kaurin na baya milimita 10 ne, na gaba 9. Notin da aka yi don keken tsere yana zuwa da washa a maƙale a jikinsa, mai zane kamar haƙora. Kana juya noti, washar tana tsaye tana cizon ƙarfen firam, saboda haka wilin ba ya gocewa lokacin ɗauri. Notin kasuwa da washa mai santsi ba ya yin haka: yana juyawa yana tura wilin gaba, ka gama ɗauri ka tarar sarƙa ta saki.

Kwik-rilis kuwa sakata ce ta hannu. Ƙarfen tsakiya yana da rami, wani siririn ƙarfe mai kaurin milimita 5 ya ratsa shi, a ƙarshensa akwai ɗan hannu da ake lanƙwasawa ya matse wili ba tare da sifana ba. Ɗan tseren keke na Italiya, Tullio Campagnolo, shi ake dangantawa da ƙirƙiro wannan fasaha. Iri biyu ce, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai tsohuwar ƙira, wadda abin matsewar ke ɓoye cikin kan ƙarfe, irin ta kamfanonin Shimano da Campagnolo. Wannan tana matsewa sosai. Akwai kuma mai buɗaɗɗen kai da ke danna wata 'yar roba, mara nauyi, mai kyau a ido. Wannan ta biyun an yi ta ne don firam ɗin da wili ke shiga ta ƙasa ya zauna a gurbi ɗaya. A kan fiksi ba ta da ƙarfin riƙo.

Dalilin yana ga bakin firam. Firam ɗin fiksi yana da doguwar tsaga a kwance, mai buɗewa ta baya, wadda wili ke zamewa a cikinta gaba ko baya. Duk wanda ya taɓa kwance wilin tsohon Raleigh ko Phoenix ya san wannan tsaga, har da 'yan ƙarafan nan masu zare da ke jan wili baya. Idan ka taka feda da ƙarfi, sarƙa tana jan gefen dama na wilin gaba. In ɗaurin bai kama ba, wilin zai karkace, taya ta fara gugar ƙarfen firam na hagu. Wannan ita ce alama ta farko. Abin da ke biyo baya ya fi muni: sarƙa ta saki, ta fita daga haƙori, ta maƙale tsakanin haƙori da firam, tayar baya ta ƙame ana cikin gudu. Wanda kuma ba shi da birkin gaba, fitar sarƙa na nufin ba shi da abin tsayawa ko kaɗan.

Saboda haka a wilin baya noti ya fi. Sakata mai ɓoyayyen kai za ta iya riƙewa a firam ɗin ƙarfe, amma da sharaɗi: kada ƙarfen tsakiya ya leƙo ya wuce fuskar firam, domin in ya leƙo sakatar shi za ta matse, firam ɗin kuma yana nan sako-sako. Hannunta kuma ya fara tauri tun a rabin hanya, rufe shi ya bar maka shaida a tafin hannu. A duba faɗi ma: bayan firam ɗin tsere milimita 120 ne, na tsofaffin kekunan titi 126 ko 130, don haka in za a sa wilin tsere a irin wannan firam sai an cike giɓin da washa daidai a gefe biyu, in ba haka ba sarƙa ta karkace.

Wajen ɗauri, a ɗan shafa giris a zaren, amma kada ya taɓa fuskar washa. A ja wili baya, a ɗan kama notin hagu, a tura bakin taya har sarƙa ta yi tauri kuma taya ta zauna a tsakiya, sannan a kama na dama. In bai yi ba, a sassauta gefe ɗaya kawai a gyara, kada a saki duka biyu lokaci guda. Sai a juya feda a hankali a nemo inda sarƙa ta fi tauri, domin haƙorin gaba da wuya ya zama cikakken zagaye. A daidai wurin nan ake so ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. In ta yi tauri fiye da haka tana cin boris, tana kuma ƙara. Ɗaurin ƙarshe ya kai Nm 30 zuwa 40 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne), wato a danna sifana da ƙarfin hannu sosai, ba da ƙafa ba. Kuma a kiyaye yatsu: wilin fiksi in yana juyawa sarƙa ba ta tsayawa, ta sha gutsure yatsan masu goge ta da tsumma.

Wilin gaba ba shi da wannan rigima, sarƙa ba ta jan sa, kowanne ka sa zai riƙe. Sai dai yawancin filayen tsere na zagaye ba sa yarda da sakata, kuma a cikin gari ɓarawo yana zare wili mai sakata kafin ka fito daga shago. Wanda ya zaɓi noti sai ya riƙa yawo da ƙaramar sifana 15 tare da kayan faci, in ba haka ba ranar da taya ta sace sai dai ya turo keken gida.