Waƙa, zane da wasan kwaikwayo a fagen yaƙi da zalunci: tambayoyi da amsoshi

Wai shin waƙa ko zane sun taɓa hana zalunci?

Su kaɗai, a'a. Waƙa ba ta buɗe ƙofar kurkuku, zane kuma ba ya fito da albashin da aka danne. Aikinsu shi ne su tono abin da ake son binnewa, su kuma haɗa mutanen da kowannensu ke zaton shi kaɗai abin ya faɗa wa. Bayan sojoji sun ƙwace mulki a Chile a 1973, mutane da yawa sun ɓace a hannun jami'an tsaro, jaridu kuwa an toshe musu baki. Matan da aka ɗauke wa mazaje da 'ya'ya suka riƙa taruwa ƙarƙashin wani ofishin agaji na cocin Katolika a Santiyago, suna ɗinka ƙyallaye a kan tsumman buhu: ga motar sojoji, ga ƙofar da aka ɓalle, ga kujerar da ba kowa a kanta. Wasu da guntun rigar wanda ya ɓace suka yi ɗinkin. Aka riƙa fitar da su ƙasashen waje ana sayarwa, matan suka sami abin rufin asiri, duniya kuma ta ga abin da gwamnati ke ƙaryatawa. Ɗinki bai sauke shugaban mulkin sojan, Janar Pinochet, ba, ya kai har 1990 a kan mulki. Amma matan da suka shigo a ɗaiɗaice sun fita a ƙungiyance.

Da me ake farawa?

Da jimla ɗaya: wa muke so ya yi me, kuma zuwa yaushe? "A daina zalunci" ba buƙata ba ce, don ba wanda zai ji da shi ake. "Kamfani ya biya albashin wata uku kafin ƙarshen watan nan" ita ce buƙata. Sai an samu wannan jimlar ake zaɓen fasaha. In masu sauraro ba su cika karatu ba, murya da wasa sun fi rubutu. In masu wucewa ne a kan titi, hoto ɗaya da kalmomi kaɗan. In an hana taro, sai a nemi abin da ke bi hannu-hannu ko baki-baki.

Ana yawan ambaton wasan da 'yan kallo ke shiga ciki. Yaya ake shirya shi?

Augusto Boal, ɗan ƙasar Brazil, shi ya tsara wannan salo a shekarun 1970, bayan gwamnatin soja ta kama shi a 1971 ya yi gudun hijira. Ana tara mutanen da matsalar ta shafa, kamar takwas zuwa goma sha biyar, kowa ya ba da labarinsa, sannan a narka labaran su zama ɗaya yadda ba za a ce na wane ne ba. A shirya gajeren wasa na minti goma zuwa sha biyar. Sharaɗinsa guda: wanda ake zalunta ya yi ƙoƙari, amma ya sha kaye. A ce ma'aikaciyar masaƙa ce ta shiga ofis.

"Ranka ya daɗe, wata uku ke nan ba a ba mu komai ba."

"Ga ƙofa nan. Akwai mutum ashirin a waje suna jiran gurbinki."

Ta juya ta dubi abokan aikinta, kowa ya sunkuyar da kai. Ta fita. Wasa ya ƙare a nan, da gangan, don a bar 'yan kallo da ɗaci a maƙogwaro.

Daga nan sai mai jan ragama ya fito ya ce za a maimaita, duk wanda ya ga inda matar za ta iya yin wani abu dabam ya ce "Tsaya!" Wanda ya ce tsaya ba daga kujera zai yi bayani ba. Zai hau dandamali ya karɓi matsayinta ya gwada. Wani zai yi faɗa, a kore shi. Wata za ta fara shawo kan abokan aiki kafin ta shiga ofis. Wani zai nemi a rubuta masa bashin a takarda. Bayan kowane gwaji mai jan ragama ya tambayi jama'a: wannan zai yiwu gobe da safe? Me aka samu, me aka rasa? A ajiye mutum guda yana rubuta dabarun. Boal da kansa, lokacin da ya zama kansila a Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, da irin waɗannan rubuce-rubucen ya riƙa kai ƙudurori majalisa, har 13 daga ciki suka zama doka.

Me ya fi ɓata irin wannan wasa?

Na farko, ɗan wasan da ke fitowa a azzalumi ya yi laushi. Yana jin nauyin baƙon da ya hau dandamali, sai ya ce "To, za a biya." Ya cuce shi, domin manajan gaske ba haka zai yi ba. Dole ya tirje gwargwadon yadda na gaske zai tirje, kada kuma ya zama dutsen da ba abin da ke motsa shi. Na biyu, a bar ɗan kallo ya maye gurbin azzalumin ya mai da shi mutumin kirki. Wannan mafarki ne, ba wanda ke da ikon sauya zuciyar maigidansa. Haka nan mafitar da ta faɗo daga sama, kamar a ce ga wani attajiri ya zo ya biya kowa. Na uku, mai jan ragama ya koma mai wa'azi. Aikinsa tambaya ce. Da zarar ya fara faɗin amsar da yake so, jama'a za su yi shiru su bar masa wasansa.

Akwai kuma abin da ba a sa shi a wannan salo: yanayin da ba sauran zaɓi, kamar mutum a gaban bakin bindiga. A koma baya zuwa lokacin da da sauran abin yi.

Waƙar gangami fa, me ya bambanta ta da sauran waƙoƙi?

Ba don a saurara ake yin ta ba, don a amsa ne. Amshin ya zama wanda mutum zai riƙe da ji biyu, gaɓoɓi shida zuwa takwas a layi, kada muryar ta hau inda sai gwani zai kai. Kiɗan ya bi takun mai tafiya, wajen taku 100 zuwa 120 a minti. Mai bayarwa ya riƙa sauya baitinsa, amshi kuwa ya tsaya inda yake.

Matsalar da ke ba mutane mamaki ita ce ta nisa. Sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa. In jerin gwano ya kai mita 170, na baya suna jin na gaba bayan rabin daƙiƙa, wato kusan taku guda, sai waƙa ta cakuɗe a tsakiya. Ƙara lasifika a gaba ba ya maganin wannan. A rarraba masu bayarwa duk bayan mita 40 ko 50, su riƙa bin alamar da ido ke gani, kamar tutar da ake ɗagawa da saukewa.

Ba mu da kuɗin ɗab'i. Ta yaya za mu yi fasta ko zanen bango?

A yanke haruffa a jikin kwali mai kauri ko tsohon faifan hoton ƙashi na asibiti, wanda ya fi jure jiƙa. Haruffa masu ciki, irin su A, O, D, Ɗ da Ɓ, a bar musu siririyar gada, in ba haka ba cikinsu zai faɗo su zama dunƙule. A manne kwalin ya kwanta sosai, a fesa fenti daga nisan santimita 20 zuwa 30, shafi biyu marasa kauri. In aka matso kusa fenti zai zurara, in kwalin ya ɗaga gefen haruffa zai dusashe. A rufe hanci, a yi a sarari. Ma'aunin masu rubuta allon talla shi ne duk santimita biyu da rabi na tsayin harafi ana karanta shi da kyau daga mita uku, don haka harafin santimita goma zai kai mita goma sha biyu. Launi biyu sun isa.

Bango kuwa, a fara karɓar izinin mai shi a rubuce. Sabon filasta a bar shi kamar mako huɗu ya bushe, bango mai danshi kuma a ƙyale shi, don fenti zai kumbura ya ɓare. A wanke, a shafa fentin shimfiɗa, sannan a ja layukan murabba'i a takarda da bango, kowane santimita ɗaya na takarda ya zama goma a bango. Gwani ya fitar da layin zane, ya sa lambar launi a kowane gurbi, sauran jama'a su cike. A ɗauki hotonsa ranar da aka gama, don ana iya wayar gari an shafe shi.

To a ina haɗin kan yake shigowa?

A wajen yi, fiye da wajen nunawa. Shi ya sa gwanin da ya shige ɗaki ya fito da abu mai kyau yakan sami tafi, amma ba ya barin ƙungiya a bayansa. A ƙauyen Kamiriithu na Kenya, a 1977, manoma da ma'aikata ne suka gina dandalin wasa mai ɗaukar mutum kusan 2,000 da hannunsu, suka yi atisaye a bainar jama'a da harshen Kikuyu, suna gyara wa marubuta inda ba haka rayuwa take ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A Amurka kuma, a watan Oktoba na 1987, an shimfiɗa ƙyallaye 1,920 a babban filin Washington, kowanne da sunan wanda cutar ƙanjamau ta kashe, kowanne ƙafa uku da ƙafa shida, wato girman kabari. Dangi da abokai ne suka ɗinka su, da yawansu ba su taɓa riƙe allura don fasaha ba. Dabarar ita ce a tsara aikin gunduwa-gunduwa yadda kowa zai sami tasa, har mai kunya da mara murya.

Akwai haɗari?

Sosai. Gwamnatin Kenya ta hana wasan da aka shirya a Kamiriithu, ta tsare ɗaya daga marubutansa, Ngugi wa Thiong'o, kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin. A ranar 14 ga Yuni 1985 sojojin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu suka kai hari Gaborone a Botswana, cikin waɗanda suka kashe har da mai zanen fasta Thami Mnyele. Don haka kowa ya san abin da yake shiga tun farko, kuma wanda ya fi rauni shi ne ma'aunin abin da za a fitar.

Kada a wallafa fuskar kowa ko labarinsa sai ya yarda, bayan an faɗa masa inda abin zai je. Hoton waya yakan ɗauke da bayanin wuri da lokaci a cikinsa, a kashe wannan kafin ɗauka. In za a ɓoye fuska a rufe ta da launi baƙi ƙirin, don ɗan dusasarwa ba ya isa, a kuma lura da tabo, riga ko lambar gida. Kama sunan mutum da zargi sai da takardun shaida a hannu, in ba haka ba ƙarar ɓata suna za ta cinye ƙungiyar. Habaici da gugar zana garkuwa ce mai kyau, amma in lulluɓin ya yi yawa har waɗanda aka yi dominsu ba za su gane ba. A gwada a kan mutum biyar da ba su san shirin ba.

In kuɗi ya shigo, ko an gama taro, sai me?

Maganar kuɗi a yi ta tun ba a sayar da komai ba, a rubuce: nawa ne na mai fasaha, nawa na masu labarin, nawa na asusun ƙungiya. Mai ba da tallafi kuma a tambaye shi tun farko ko akwai sunan da ba ya so a ambata.

Ranar taro, kada a sallami jama'a sai an faɗi rana, wuri da lokacin zama na gaba, tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, kafin zafin ya huce. A sa mutum biyu a bakin ƙofa su karɓi sunan duk mai son a neme shi, takardar kuma ta zauna a hannun mutum ɗaya amintacce. A zaman na gaba a ƙirga waɗanda suka dawo, a karanta dabarun da aka rubuta, a zaɓi guda, a ba wa mutum uku aikin kai takardar buƙata, a sa ranar da za su kawo amsa.